Ina Bagobiri Zai Nemo Sunan Kakansa?

Mutumin Ingila ko Faransa da ke son sanin kakan kakansa a yau ba sai ya bar ɗakinsa ba. Zai buɗe kwamfuta, ya shiga FamilySearch ko wani shafi irinsa, ya rubuta suna da gari, sai ga hoton shafin littafin coci mai ɗauke da ranar da aka yi wa kakan baftisma, da sunan mahaifinsa, da ranar aurensa. Matasanmu na Sabon Birni da Isa da ke ganin haka sukan ɗauka aikin intanet ne, har su gwada sa'arsu su koma hannu rabbana. Alhali intanet hoto kawai ta ɗauka na abin da wani limamin coci ya rubuta da alƙalami shekaru ɗaruruwa da suka wuce. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarkin Ingila Henry na Takwas, ya umarci kowane coci ya riƙe littafin baftisma da aure da jana'iza. Faransa ta kafa irin wannan doka kan baftisma a 1539, majalisar Katolika ta Trent kuma ta wajabta rubuta baftisma da aure a 1563. Abin da ba a rubuta jiya ba, babu na'urar da za ta fito da shi yau.

A ƙasar Gobir ma ana raɗa suna ran bakwai, ana ɗaura aure gaban waliyyai da shaidu, ana faɗin sadaki kowa ya ji, a raba goro, a shafa fatiha. Sai dai shaidar duk tana komawa kan mutane ne. Wannan tsari ya yi aiki muddin mutane na zaune wuri ɗaya, tsohuwa na da jikoki kewaye da ita. Amma Gobirawa ba su taɓa samun dogon zama ba. Daga Azbin aka gangaro Birnin Lalle, daga baya Sarki Babari ya kafa Alƙalawa a ƙarni na 18. Alƙalawa ta faɗi hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama, waɗanda suka tsira suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Daga can Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, alhali a Isa zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce ke riƙe da sarautar Sarkin Gobir. Sai Turawa suka zo: tsakanin 1906 da 1908 ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka kafa alamun iyaka, suka bar wa a Najeriya, ƙane a Nijar. Saboda haka duk wanda ya ce zai bi asalin gidan Sabon Birni bai leƙa Tsibiri da Madawa da Gidan Rumji ba, rabin aiki ya yi.

Ba wai babu takarda ko ɗaya ba. A Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Sakkwato, ciki har da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomi domin yanka haraji. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai ma'ajiyar Yamai da ta Aix-en-Provence a Faransa. Landeroin, tafintan ayarin Tilho, ya tattara labaran sarautun wannan yanki aka buga su a 1911, Abdullahi Rafi Augi kuma ya yi digirinsa na uku a Zariya a 1984 kan Gobir da ƙasar Rima. Matsalar ita ce waɗannan takardu sarakuna suka sani. Bature mai yanka haraji ruwansa da hakimi da dagaci da adadin masu biya da shanun jangali, babu ruwansa da wa ya haifi wa. Makaɗan fada ma haka: Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya adana sunayen iyaye da kakannin masu sarauta a bakinsa, amma manomin Turba ko maƙerin Gatawa ba shi da makaɗi. Takardar da ta fi kusa da talaka ita ce ta rabon gado a kotun alƙali, domin ita ce dole ta ambaci mata da 'ya'ya mata da sunayensu. To, gado nawa ne ke kai wa kotu? Mafi yawa malamin unguwa ke raba shi a zaure.

Ko da an sami suna a takarda, wata wahalar na nan. Bahaushe ba ya da sunan gida da ke bin zuriya. Sunan uba ake ɗauka, ya canja a kowane zamani, ko kuma makarantar boko ta laƙa wa yaro sunan garinsu, kamar yadda Bafarawa ta zama suna. A ƙauye ɗaya ana iya samun Muhammadu ɗan Abubakar goma. Ga alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta faɗin na miji, jikoki kuma su tashi ba su san sunan yanka na kakarsu ba sai laƙabi. Zanen Gobirci, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, ya kasance shaidar da mutum ke yawo da ita, har Bayarabe ya gani ya ja shi da wasan taubasantaka. Yau wanzamai sun rage yinsa ƙwarai, kuma dama ƙabila yake nunawa, ba ya faɗin sunan kaka.

Abin da ya mai da wannan magana ta gaggawa shi ne halin da yankin ke ciki. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar gudun 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Idan gari ya watse, ba gonaki kaɗai ake bari ba. Tsohon da ya san wa ya auri wa kafin zuwan Bature yana rasuwa a kangon makaranta ko gidan wani ɗan'uwa a Sakkwato, babu wanda ya tambaye shi. Shi ya sa nake ganin aikin da ke gabanmu rubutawa ne, bincike a intanet sai nan gaba. Kowane gida ya sami ɗalibi ɗaya da littafi, da boko ko da ajami, ya zauna da tsofaffi, musamman mata, domin su suka riƙe lissafin aure da haihuwa da shayarwa. A rubuta sunan yanka da laƙabi da sana'a da garin da aka baro, a ɗauki murya da waya. Limamai kuma su buɗe littafin suna da ɗaurin aure, a riƙa kai kwafi fadar hakimi. Kwafin nan ba ƙawa ba ne. Ingila ta wajabta aika kwafi ga bishop tun ƙarshen ƙarni na 16, gobarar ma'ajiyar Dublin ta 1922 kuma ta cinye littattafan coci masu yawa na Ireland waɗanda ba su da na biyu.

Wani zai ce wannan kwaikwayon coci ne, kuma Musulunci ya hana alfahari da asali. Alfahari ne aka hana, sanin dangi kuwa an yi umarni da shi domin sada zumunta. Ba a raba gado sai an san magada, ba a ɗaura aure sai an san muharramai na jini da na nono. Sayyidina Umar ya rubuta mutane a diwani bisa danginsu, Abdullahi ɗan Fodiyo da Waziri Junaidu kuma sun yi rubutu kan nasabar gidansu. Wani zai ce ai gwamnati na da hukumar ƙidaya, ga dokar 1992 da ta wajabta rajistar haihuwa, ga tsarin na'ura da aka ƙaddamar a 2023. Gaskiya ne, kuma ya kamata a yi wa kowane yaro. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ke da rajista a Najeriya, kuma takardar haihuwa ba ta komawa baya ta kamo wanda ya rasu a 1940.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tonon asiri. A ƙasar da aka yi shekaru ana kai hari tsakanin Gobir da Sakkwato, akwai gidajen da asalinsu kamu ne, kuma har yau ana fasa aure kan wannan. Ba zan ce tsoron banza ba ne. Amma rashin rubutu bai hana gori ba. Mai gori da tsegumi yake aiki, ba ya neman hujja. Littafin gida na gida ne, masu shi ke da ikon abin da za su nuna. Haka nan batun ɗora sunaye a intanet a lokacin da masu garkuwa ke neman sanin wa ke da ɗa a Abuja ko Legas: wannan kam a dakata. Ingila kanta tana rufe bayanan ƙidaya shekara ɗari, shi ya sa na 1921 bai fito ba sai a 2022. Abin da ya shafi rayayyu ya zauna a akwati, na waɗanda suka daɗe da rasuwa ne kaɗai za a iya fitarwa, shi ma da yardar dangi.

Dole kuma mai rubutawa ya san cewa baki yana tsallake. Tsoho zai haɗe kakanni biyu masu suna ɗaya, ko ya jingina gidansu da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo domin sunan ya fi daɗin faɗi. Maganin shi ne a tambayi ɓangare fiye da ɗaya, a auna da abin da aka san shekararsa, kamar zuwan Turawa Sakkwato a 1903 ko yunwar 1914, a kuma rubuta sunan wanda ya ba da labarin da ranar da ya bayar. Inda tsofaffi biyu suka saɓa, a rubuta maganar kowannensu yadda ya faɗe ta, kada a zaɓi mai daɗin.