Akwatin Rana: Hanyar Ɗumama Ɗaki a Lokacin Ɗari Ba Tare da Gawayi Ba

 

Ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa yin Disamba da Janairu a Agadas ko Bilma ko cikin duwatsun Ayar ya san ɗari ba abin wasa ba ne. Ko a Damagaram da Tawa, idan iskar hunturu ta taso, sai ka ga sahun Asuba ya ragu. Abin da da yawa daga cikinmu muka saba shi ne mu shigar da kaskon gawayi ɗaki, mu rufe ƙofa, mu toshe taga, mu kwanta.

A nan haɗarin yake. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau sama da 200. Takan fara da ciwon kai da jiri da amai, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Ga kuma gobara. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a yi barci. Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

To, da me za mu ji ɗumi? Allah Ya hore mana rana. A tsakiyar yini, idan gari ya yi garau, kowace murabba'in mita da ke fuskantar rana tana samun ƙarfin da ya kai kusan wat 1000. Akwatin rana dabara ce ta kama wannan zafi a tura shi cikin ɗaki.

Yadda yake aiki

Abu uku ne muka riga muka sani. Baƙin abu ya fi shan zafi. Gilashi yana barin haske ya shiga amma yana tsare zafi, kamar motar da aka rufe a rana. Sannan iska mai zafi sama take yi. Iskar ɗaki mai sanyi tana shiga akwatin ta ƙasa, ta bi jikin baƙin kwano ta ɗumama, ta koma ɗakin ta sama. Babu mai, babu lantarki, babu hayaƙi.

Yadda ake haɗa shi

Kafinta ya ƙera akwatin katako mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin kamar santimita 15. A shimfiɗa kwali ninki uku ko huɗu a gindinsa da gefunansa don kada zafi ya zurare ta baya. A samu fallen kwanon rufi, ko tsoho ne, a shafe shi da baƙin fenti marar ƙyalli, a kafa shi a tsakiyar zurfin akwatin yadda iska za ta ratsa gaba da bayansa. A huda rami ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, kowanne faɗin santimita 10 zuwa 15. A rufe fuskar da gilashi. Wanda bai da hali ya sa farar leda mai kauri, sai dai rana kan cinye ta, a sake wata. A toshe duk wata kafa, domin akwatin da ke yoyon iska kamar tulu ne mai huji.

Daga nan sai a jingina shi a bangon ɗaki na kudu, domin a watannin ɗari rana ta kudu take karkata a ƙasashenmu. Idan muka fuskanci alƙibla, kudu na wajen hannun dama. A ɗan janye gindinsa daga bango ya kishingiɗa, ya fi shan rana. A fasa bangon wuri biyu, ɗaya kusa da daɓe, ɗaya a sama, a haɗa su da ramukan akwatin da bututu, a sa raga saboda ɓera da kunama.

Abin da za a kiyaye

Kada mu yaudari kanmu: akwatin nan da rana kawai yake aiki. Amfaninsa da dare yana zuwa ne ta bango. Ginin ƙasa mai kauri yana shan ɗumi da yini, ya riƙa sakinsa a hankali bayan duhu, shi ya sa ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano cin moriyarsa. Da rana ta yi sanyi, kafin Magariba, a toshe ramukan biyu da tsumma, in ba haka ba iskar za ta juya ta riƙa shigo da sanyi. A rufe ƙofar ɗakin da yini don ɗumin ya taru.

Ƙurar hunturu tana rage ƙarfinsa, don haka a goge gilashin kowace safiya. A bar fentin ya bushe kwanaki a rana kafin a haɗa da ɗaki, saboda warinsa. Kada a sa soso ko roba a jikin kwanon, domin yakan yi zafin da zai ƙona hannu. A tsare yara daga gilashin. Idan bazara ta shigo, a lulluɓe shi da tabarma ko a cire shi.

Muna kira ga kwamitocin masallatai da malaman makarantun allo su fara gwadawa a ɗakin kwanan almajirai, ko na tsofaffi da masu jego. Ɗalibanmu kuma su auna zafin ɗakin safe da yamma su rubuta, don mu san abin da ya dace da garuruwanmu. Wanda dole ta sa ya kunna gawayi, ya fitar da kaskon kafin ya kwanta. Idan kuma aka ga mutanen ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai da jiri, a fitar da su sarari nan take, a garzaya da su asibiti.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa mu ga bayan ɗarin nan lafiya. Amin.