JARIRIN DA BAI YI KASHIN FARKO BA: ciwon hanjin da ake haifar yaro da shi

 

Maigida, idan aka yi maka haihuwa, tambayarka ta farko ita ce mace ko namiji, sai kuma lissafin ragon suna. To ka ƙara da wannan: shin jaririn ya yi kashin farko? Wato baƙin kashin nan mai yauƙi kamar kwalta. Yawancin jarirai masu lafiya suna yin sa a cikin awa 24. Idan aka kai awa 48 shiru, ga ciki yana kumbura, ga ƙin kama nono, ga amai kore, kar ka jira a yi suna. Asibiti kawai.

*Mene ne ciwon?*

Likitoci suna kiransa cutar Hirschsprung, sunan wani likitan yara ɗan ƙasar Denmak, Harald Hirschsprung, wanda ya yi bayaninta a 1886. Ana samunta a kusan jariri 1 cikin 5,000, kuma maza sun ninka mata kusan sau huɗu.

Allah cikin hikimarsa ya shimfiɗa wasu ƙananan jijiyoyi a bangon hanji. Su ne ke sa hanji ya matse ya saki, ya tura abinci gaba har ya fita. Tun yaro yana ciki, tsakanin mako na 5 da na 12, waɗannan jijiyoyi suke bin hanji daga sama zuwa ƙasa. A wajen wasu yara sai tafiyar ta tsaya ba ta kai ƙarshe ba. Guntun hanjin da ke kusa da dubura sai ya zauna a matse, ba ya buɗewa. Kashi ya taru a sama, hanji ya buɗe ya yi girma, ciki ya yi tsini kamar ganga.

*Ina gado ya shigo?*

Abin da ke jagorantar tafiyar jijiyoyin nan ƙwayoyin halitta ne da yaro yake ɗaukowa daga uba da uwa. Babbar cikinsu ita ce wadda masana suka sa wa suna RET. A gidajen da ciwon ya fito fiye da sau ɗaya, ana samun tangarɗa a wannan ƙwaya a kusan rabinsu. Akwai wata kuma, EDNRB, wadda wani lokaci take haɗo ciwon da kurumta, da farin gashi a goshi, ko idanu masu launi daban.

Ka riƙe abu uku:

1. Uba ko uwa na iya ɗauke da tangarɗar alhali lafiyarsu ƙalau, sai ta bayyana a jikin ɗa.
2. Yawancin yaran da ake samu, babu wani a danginsu da aka sani da ciwon.
3. Idan an taɓa haifa maka mai shi, ƙannensa sun fi sauran yara haɗari: kusan 4 cikin 100. Wato 96 za su zo lafiya da yardar Allah, amma a sa ido tun ranar haihuwa.

Haka yaron da aka haifa da larurar Down, shi ma a lura da bayan gidansa sosai, domin ciwon ya fi yawa a cikinsu.

Auren zumunci halal ne, babu mai ja. Sai dai wasu nau'o'in ciwon, musamman mai haɗe da kurumta, sun fi fitowa idan uwa da uba duk suna ɗauke da tangarɗa iri ɗaya, kuma hakan ya fi sauƙin haɗuwa tsakanin 'yan uwa. Don haka idan kai da maiɗakinka dangi ne, ko an taɓa rasa jariri da kumburin ciki a gidanku, faɗa wa likita. Ba tonon asiri ba ne, taimakon ɗanka ne.

*Kar a ɗora wa mai jego*

Sau da yawa sai ka ji an ce nonon uwar ne ba kyau, ko ta ci wani abu da ciki, ko hannun kishiya ne, ko kambun baka. Wallahi ko ɗaya babu. Tun cikin bai kai wata uku ba abin ya riga ya faru. Zargin baiwar Allah a kan abin da ba ta yi ba zalunci ne, kuma kai maigida kai ne ya kamata ka tsawatar.

*A bambance shi da gubar dalma*

Mu mutanen wannan yanki ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega, Dareta, Abare da 'Yargalma, har likitocin MSF suka zo suka zauna. Dalma ma tana kawo ciwon ciki da taurin bayan gida. Bambancin shi ne ita daga baya take shiga jiki, ta ƙura da ƙasa, takan zo da kasala da jijjiga, kuma gwajin jini ne ke nuna ta. Shi wannan kuwa tun ranar haihuwa yake. Akwai yaran da nasu bai yi tsanani ba, sai su girma suna kwana da kwanaki ba bayan gida, ga ƙaton ciki ga rama. Ko wanne ne, gwaji ne zai raba gardama.

*Abin da ba a yi*

Kar a tura masa sabulu a dubura. Kar a ɗura masa ɗauri ko jiƙo. Kar a kai wa wanzami ya tsaga cikin. Zuma waraka ce, amma ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa. Zuma ko man habbatus sauda ba sa tsirar da jijiyar da ba a halitta ba. A yi addu'a, a yi tofi, a kuma kama hanya, domin Sunnah ta koyar da mu neman magani a wajen masu saninsa.

*Maganin*

Fara da babban asibitin garinku, ka roƙi takardar turawa zuwa Asibitin Tarayya na Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko na ABU da ke Shika. Za a ɗauki hoton hanji, a ɗan tsinko nama kaɗan daga dubura a duba ko akwai jijiyoyin. Idan ya tabbata, tiyata ce: a yanke guntun da ba ya aiki, a jawo mai lafiya a haɗa. Tun 1948 ake wannan aiki a duniya. Wani lokaci sai an fara buɗe masa ƙofa a gefen ciki na wasu watanni kafin a haɗa. Kar wannan ya tsorata ka, mafi yawan yaran suna tashi su yi rayuwarsu.

Gargaɗi na ƙarshe: idan mai wannan ciwo ya yi zazzaɓi, ciki ya ƙara kumbura, ga gudawa mai wari sosai, ko kafin aiki ko bayansa, hanjin ne ya kamu, kuma yana iya kisa cikin gaggawa. Kar ka ce ai bayan gida ya sauka.

Don Allah a karanta wa iyaye mata da ungozoma, a tura wa 'yan uwa. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.