Yadda Kacala Ta Danne Sauran Tsirrai A Magudanan Ruwan Kura Da Bunkure

Matafiyin da ya bar birnin Kano ta hanyar Zariya, ya ratsa ƙasar Kumbotso ya doshi Kura, ba zai rasa ganin wata doguwar ciyawa mai ganye kamar takobi ba, wadda ta cika bakin magudanan ruwa da kududdufai. Sunanta kacala, kuma tsawonta yakan kai ƙafa 8 zuwa 10. Inda ta kafu, da wuya a ga bado ko kainuwa ko burugu, domin ta riga ta tare musu rana.

Wannan ciyawa ba ta zama annoba ba sai bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, aka kuma soma kwararo ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Kafin nan rani ne ke yi mata linzami. Fadama takan bushe wata da watanni, dabbobi su tattake ta, don haka doguwar ciyawar ruwa ba ta samun sukunin yin tsawo. Da ruwa ya zauna rani da damina, sai linzamin ya tsinke. Madatsar Challawa da aka gama a 1992 ta ƙara wa abin ƙarfi a can ƙasa, wajen Haɗeja da Nguru.

Masana ilmin tsirrai sun daɗe da lura cewa gasar neman hasken rana ba irin ta neman ruwa ba ce. A ƙarƙashin ƙasa kowane tsiro yana shan ruwa da taki gwargwadon yawan saiwarsa, watau ƙarami ma yana da nasa rabo. Amma haske daga sama yake zuwa. Tsiron da ya ɗara maƙwabcinsa da taƙi ɗaya yakan kwashe mafi yawansa, ya bar wa na ƙasa inuwa, kuma da wannan riba yake ƙara tsawo, tazarar ta yi ta ƙaruwa har ƙaramin ya mutu.

To amma girma yana da nasa haraji. A 1963 wani masani ɗan ƙasar Japan mai suna Yoda, tare da abokan aikinsa, sun nuna cewa idan tsirrai suka cunkushe a fili ɗaya, yawansu yana raguwa ne daidai da yadda kowannensu ke ƙara nauyi: kafin nauyin tsiro ya ninka sau 8, sai yawansu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin 4. Daga baya wasu masanan sun yi gardama a kan lissafin, amma ba wanda ya musa tushen maganar. Manomin da ke rage tsiron dawa a rami bayan shuka ya san wannan tun kafin a rubuta shi. Shi ya sa a eka guda ake ƙirga itatuwan kuka da yatsu, alhali kuwa ƙiri-ƙiri da aya-aya ba su ƙirguwa.

Abin da ya sa kacala ta zama gagara-badau shi ne ta haɗa tsawo da yawa. Tana da jijiya mai rarrafe a cikin laka, wadda ke tara abinci, tana kuma fitar da sababbin kara. Saboda haka sabon tsironta ba daga ƙwayar iri yake fara rayuwa ba, da guzurin uwarsa yake tasowa, ya wuce na kusa da shi cikin 'yan makonni. Ga kuma iri: kai ɗaya yakan ɗauki ƙwayoyi fiye da dubu 100, masu gashi kamar audugar rimi, iska na kai su ko'ina.

Ɓarnar kuwa a fili take. Kacala tana rage gudun ruwa, laka ta taru, manoman da ke ƙarshen magudana su rasa ruwa a daidai lokacin da alkama ko tumatir ke bukata. Tsuntsayen jan-baki suna kwana a cikinta su wayi gari a gonar shinkafa, ga sauro, ga kuma katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Yashe magudanan na cikin manyan ayyukan da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, tare da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

A cikin gonar ma dokar tsawo tana aiki. Irin shinkafar zamani, irin su FARO 44 da manoman Kura ke kira Sipi, gajeru ne da gangan, don kada su kwanta idan an zuba musu taki. Wannan gajarta kuwa ita ce rauninsu a gaban ciyawa. Dashe ne maganinta: shinkafar da ta yi mako 3 a gadon reno tana shiga gona da tazarar da ciyawa ba ta cika kamo ta ba, saɓanin wadda aka watsa irinta suka tsiro rana ɗaya da ciyawar.

Ita kacala, yankan da ake yi mata a saman ruwa wahalar banza ce, haka ma ƙona ta, domin jijiyar na nan da ranta. Karanta yana da ramuka a ciki waɗanda ke kai iska zuwa jijiya, don haka idan aka yanke shi a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, sai jijiyar ta shaƙe. Akan bukaci a maimaita sau 2 ko 3 kafin ta saduda. Wannan aiki ne na ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma ba zai yi tasiri ba sai an yi shi a magudana ɗaya gaba ɗayanta, tun daga bakin ƙofar ruwa har gonar ƙarshe.