Yadda masu wasan Dungeons & Dragons ke ƙirƙirar dokokinsu na koyon fasaha

A Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, abokai kan zauna kewaye da tebur, kowa da jarumin da ya ƙirƙira. Mutum ɗaya ne jagoran wasa mai ba da labari, sauran su faɗi abin da jarumansu za su yi, sai a jefa ɗan lido a ga ko an dace.

Wata tambaya da ta daɗe tana jawo gardama a tsakaninsu ita ce: ta yaya jarumi zai koyi abin da bai iya ba?

Giɓin da littafi ya bari

Littafin dokoki na bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, ya yarda jarumi ya koyi sabon yare ko sarrafa kayan wata sana'a, idan ya samu malami ya yi kwana 250 yana biyan sulen zinare ɗaya kullum. A 2017 littafin Xanathar's Guide to Everything ya rage wa'adin zuwa mako goma na aiki, a kan zinare 25 kowane mako, kuma mai kaifin basira kan gama da wuri.

Sai dai wannan tanadi bai haɗa da fasahohi irin su sanɗa, lallashi ko bin sawu ba. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama ke tsara nasu ƙa'idojin, waɗanda ake kira dokokin cikin gida. Wasu kan faɗaɗa tsarin littafin ya shafi kowace fasaha. Wasu kuma kan sa sharaɗin sai an nemo gwani a cikin labarin, an yi masa hidima kafin ya koyar.

Aro daga maƙwabta

Akwai masu aro daga wasannin kamfanin Chaosium, wato RuneQuest na 1978 da Call of Cthulhu na 1981, inda aiki da fasaha ne ke ƙara ta. Idan jarumi ya yi nasara da wata fasaha, sai a sa mata alama. A ƙarshen labari a jefa lamba tsakanin 1 da 100. Idan ta haura makin da yake da shi, sai a ƙara masa.

Ke nan mai maki 30 na da damar kashi 70 cikin ɗari ta ci gaba, mai maki 80 kuwa kashi 20 kacal. Ɗan koyo na saurin hawa, gwani kuma sai da jan jiki.

Amma tsarin na da lam'a. Wasu 'yan wasa kan riƙa sauya makami a tsakiyar faɗa, ko su hau katangar da babu dalilin hawanta, don kawai su tara alamomi.

Inda rigima ke tasowa

Tsada ma na iya ɓata wasa. Littafin jagoran wasa na 1979 ya sa zinare 1,500 a kowane mako, a ninka da matakin jarumi, kafin ya hau mataki na gaba. Sau da yawa jarumi kan cancanci ƙarin girma amma aljihu ya hana, abin da ya sa ƙungiyoyi da yawa suka yi watsi da dokar.

Idan kuma aka sauƙaƙa fiye da kima, kowa zai iya komai. Wanda ya zaɓi ɓarawo don gwanintar buɗe kwado sai ya tarar mayaƙi da matsafi duk sun iya, ya rasa abin da zai yi fice da shi. Irin wannan ne ke sa ɗan wasa ya daina zuwa zama.

Don haka dokar da ke ɗorewa kan cika sharuɗɗa uku: a amince da ita tun kafin fara wasa, ta hau kan kowa daidai, kuma koyon ya ci wani abu a cikin labarin. Jarumin da ya tafi koyon harbin kibiya na wata biyu, to maƙiyansa ba za su zauna jiransa ba. Kowa ya ci zomo, ya ci gudu.