Karen Da Ya Ciji Mutum Shaida Ne, A Ɗaure Shi Kada A Kashe

Duk wanda ya saba cin kasuwannin bakin iyaka, daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, ya san yadda abin yake faruwa. Ana cikin hada-hada sai a ji ihu daga wajen mahauta ko kara, wai kare ya ciji yaro. Kafin ka ce kwabo matasa sun bi shi da sanduna da duwatsu, sun kashe, sun jefar a juji. In kuwa karen wani mai hali ne da ke gadin shago ko sito, sai mai shi ya sa a tsallaka da shi wancan ɓangaren iyaka don gudun rigima. Duka biyun kuskure ne, kuma da ran yaron ake caca.

Abin da ake tsoro a cizon kare shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare suke ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, ta shiga ta rauni, ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Ciwon ya warke, an manta, sai rana ɗaya mutum ya soma firgita da ganin ruwa. In aka kai nan, da wuya a tashi.

Me ya sa ake tsare karen?

Likitocin dabbobi sun gano cewa ƙwayar ba ta sauka cikin yawun kare sai ƴan kwanaki kafin alamun hauka su bayyana, kuma in sun bayyana ba ya daɗewa yake mutuwa. Ke nan karen da ya kwana 10 bayan cizo yana ci yana sha lafiya lau, babu cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Wannan ne tushen dokar. Karen shi ne shaidan da zai gaya wa likita gaskiya, wanda ya kashe shi ya jefar kuwa ya kashe shaida.

Tsari biyu aka fi sani a duniya. Na farko shi ne na kwana 10, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara a kai, kuma shi ake bi a Amurka ga kare da kyanwa. Na biyu shi ne na kwana 15 na ƙasar Faransa, wanda likitocin dabbobi a ƙasashen da ke aiki da Faransanci suka saba da shi. A can, wata doka ta 1997 ta wajabta wa mai dabbar ya kai ta gaban likita sau uku: cikin awa 24 bayan cizon, sai rana ta 7, sai ta 15. Kowane zuwa ana ba shi takardar shaida, kuma kuɗin daga aljihunsa ne. A tsawon kwanakin ba shi da ikon sayar da dabbar, ko kyautar da ita, ko kashe ta ba da izinin hukuma ba. Ko da karen yana da takardar riga-kafi, sai an tsare shi. In dabbar daji ce da wani yake kiwo, kwana 30 ne.

Ɗan kasuwar da ke kai da komowa tsakanin ƙasa biyu, shawararmu ita ce ya riƙe mai tsawon. Ya ɗaure kwana 15, ya sanar da ma'aikatan dabbobi na garin da abin ya faru tun ranar farko, su ne za su faɗa masa abin da hukumar wurin take buƙata.

Yadda ake tsarewa

A sami ɗaki ko keji mai ƙofa, nesa da yara da sauran dabbobi, a ɗaure da sarƙa, domin igiya kare yana tauna ta. Mutum ɗaya babba ya riƙa miƙa abinci da ruwa daga nesa. A lura ko ya daina ci, ko yana dalalar da yawu, ko haushinsa ya sauya, ko yana cizon itace da ƙarfe, ko ƙafafun baya sun saki. Ba kowane mahaukacin kare ne yake bin mutane ba, wani lafewa yake yi baki a buɗe kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu da sunan ciro ƙashi.

In ya mutu, ko dole ta sa aka kashe shi saboda ba ya kamuwa, kada a fasa kan, kada a feɗe. A kira ma'aikata su ɗauka, domin a ƙwaƙwalwa ake gwaji, a wurare irin su cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos. Haka nan kada a sayar wa masu sayen karnuka da ke lodi zuwa kasuwar Dawaki ta jihar Filato. Wanda ya yi haka ya tura bala'i gidan wani.

Akwai wata tsarewar daban, wato ta karen da mahaukacin kare ya ciza. Wannan kwana 10 ba ya isa, domin cutar ba ta nuna ba tukuna. A Amurka, wanda ba shi da riga-kafi ana kashe shi ko a kulle shi wata 4. Wanda yake da riga-kafi ana ƙara masa allura a sa masa ido kwana 45. Dubi bambancin da allura ɗaya take kawowa.

Wanda aka ciza ba ya jira

A nan ne da yawa daga cikinmu muke yin kuskure. Tsare kare ba ya nufin a zauna a ga abin da zai faru. Nan take a wanke raunin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar. Ƙona gashin karen a barbaɗa, ko ɗaure raunin da tsumma, ba ya kashe ƙwayar. Ana soma allurar ranar farko, a koma rana ta 3 da ta 7, sauran kuma yadda likita ya tsara. In karen ya cika kwanakinsa lafiya, likita ne kaɗai zai ce a dakata. Amfanin tsarewar ke nan: ta kwantar da hankalin iyaye, ta kuma rage musu kuɗin allura. Yakushin kyanwa ma, ko lasar kare a kan miki, a kai asibiti.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ware wurin ɗaure irin wannan kare, su kuma ajiye lambar ma'aikacin dabbobi mafi kusa. Masu karnukan gadi su yi musu riga-kafi, su adana takardar kamar yadda suke adana ta kwastan. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan yanke. An gwada a birnin Njamena a 2012 da 2013, aka kuma ga ta lafa sosai, kafin karnukan da ke shigowa daga waje su sake kawo ta. Mu da muke zaune a bakin iyaka, wannan darasin namu ne.

Mun san ɗaure karen da ka raina tun yana ɗan kwikwiyo akwai ciwo, balle maƙwabci yana tsaye yana faɗa. Amma masu iya magana sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, nan kuwa ko yankan ba a nema ba, mako biyu ne na haƙuri. In kunne ya ji, jiki ya tsira.