Yadda wayar Android ta zana taswirar ciwon da ke makantar da talakawa

Wayar da ka saba kallon TikTok da ita, irinta ce ma'aikatan lafiya suka riƙa shiga ƙauyuka da ita daga Disambar 2012 zuwa farkon 2016, suna neman inda amosanin ido ya yi katutu. Likitoci na kiran ciwon trakoma.

Ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi. Tana yaɗuwa ta hannu, da tsumman goge fuska, da ƙudan da ke sauka kan idon yaro mai kwantsa. Idan ciwon ya yi ta dawowa shekara da shekaru, fatar ido ta ciki sai ta yi tabo ta tattare, gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar ido duk ƙiftawa. A ƙauye za ka ga tsohuwa tana cisge gashin idonta da matsefata don ta samu sauƙi. Ƙarshensa makanta, kuma mata ta fi kamawa, domin su ke ɗawainiyar yara.

Magani akwai. Kamfanin Pfizer ya daɗe yana ba da azithromycin kyauta. Sai dai ba a raba wa gunduma sai an tabbatar ciwon ya kai kashi 5 cikin 100 na yara masu shekara 1 zuwa 9, kuma gundumomi da dama babu wanda ya taɓa ƙirga su. Da takarda da biro, sakamakon bincike kan daɗe kafin ya isa teburin mai yanke shawara.

Nan wayar ta shigo. A shirin da ƙungiyar Sightsavers ta jagoranta, wanda aka fara daga Habasha, ma'aikaci ɗaya zai juya fatar idon mutum ya duba da gilashin ƙara girma, abokinsa ya shigar da sakamakon a manhaja. GPS na ɗaukar wurin da gidan yake, ana kuma rubuta ko akwai masai da nisan ruwa. Ko babu sabis manhajar na adana komai, da an samu intanet ta tura, a tace, ma'aikatar lafiyar ƙasar ta amince. An duba mutum miliyan 2.6 a ƙasashe 29, har da Najeriya, inda aikin ya shafi jihohin Arewa da yawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ba kyamarar wayar ce ta gano ciwon ba, idon ma'aikacin ne. Wayar dai ta hana bayanan ɓacewa a hanya.

Tsarin ya ci gaba da sunan Tropical Data, kuma da shi ake komawa gunduma a ga ko lokacin dakatar da rabon magani ya yi. Ghana ta kai matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da ciwon a 2018. Wanda gashin idonsa ya riga ya juya kuwa, ƙwayar magani ba za ta gyara shi ba. Ƙaramar tiyatar fatar ido yake buƙata, tun kafin ƙwayar idon ta yi fari.