Ƙaramin Jirgin Yaƙi Ba Wasan Yara Ba Ne

Na gaji da jin ana cewa duk wanda ya zauna yana harhaɗa ƙaramin jirgin yaƙi na roba, yana yi masa fenti, to aikin yi ne ya rasa, ya koma wasan yara. Ga wanda bai taɓa gani ba, jirgin yana zuwa ne gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya yayyanke, ya manne, ya goge, ya fente.

To wane yaro ne ke wasa da ma'auni? In ka ga 1/72 a jikin kwalin, nufinsa santimita ɗaya a hannunka santimita 72 ne a jikin jirgin gaske. F-16 mai tsawon kusan mita 15 sai ya dawo santimita 21, a ma'aunin 1/48 kuwa ya kai 31. A 1942, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 a ma'aunin 1/72, aka yi musu baƙin fenti, don soja ya iya bambance jirgin gida da na abokan gaba tun daga nesa. Wasa ke nan? Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da Spitfire ɗinsa a 1953, har gobe yana cin kasuwa, ga kuma Tamiya da Hasegawa a Shizuoka ta Japan, kuma magidanta ne da yawa daga masu sayen kayansu. Mai son ya fitar da Alpha Jet ko MiG-21 da kamannin rundunar sojan saman Najeriya, sai ya sha duba hotuna, ya san inda tambarin kore-fari-kore yake zama da yadda rana ke kashe launi a bayan fiffike. Mu da muka taso muna ƙera mota da kara da gwangwani, ai bai kamata mu raina wannan ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne, da zarar an kira shi wasa sai a daina sa ido. Sai a bar yaro a ɗaki, ƙofa a rufe, shi da gam da tina. Gam ɗin nan ba irin na takarda ba ne, narkar da robar yake yi ta haɗe, kuma wasu nau'o'insa na ɗauke da sinadarin da ke cikin sholisho. A buɗe taga, ko a fita tsakar gida. Mai feshin fenti ya sa takunkumin da aka yi don fenti, na yadi ba ya tare tiririn. Kada a kusanci wuta, ko ta maganin sauro ce. Kada a sirka fenti da fetur, cin robar yake yi, haka ma tinan masu fentin mota. Sabon shiga ya fara da fentin da ake sirkawa da ruwa, ya shafa sama-sama sau biyu ko uku, ya fi a lafta lokaci guda a cike ƙananan layukan jikin jirgin. A hunturu a kifa kwali a kai kafin ya bushe, in ba haka ba ƙura ta zauna daram. Kuma kada a manne murfin gilashin matuƙi da Super Glue: zai yi fari fat, a daina ganin kujerar da aka kwana ana fentewa. Farin gam na kafinta ya wadatar.

Wuƙar yankan kuwa kaifinta na reza ne, babba ya riƙe ta har sai yaro ya iya yanka yana nesanta ta da yatsunsa.